Yashin Malam Mahamadu

Ina tsaye gaban mashin ɗinsa ranar Talata da hantsi aka kira ni a waya, aka ce Malam Mahamadu ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara tara muna aiki tare a labo na gwajin kayan gini a nan Tawa. Ni ce mai digiri, shi ne ya san aikin. Mashin ɗin na gwada ƙarfin fenti ne: dunƙulen ƙarfe ya gangaro, ya bugi farantin da aka shafa wa fenti, ya goge shi ya wuce, sai a auna ƙarzar. Takardar mashin ta ce a share faranti fes kafin gwaji. Malam kuwa yashi yake barbaɗa masa.

Na ce, "Baba, ba haka aka rubuta ba."

Ya ce, "Ɗiyata, wanda ya rubuta bai taɓa ganin yadda ake sauke kaya a ƙauye ba."

Bai iya faɗa ba, taurin kai ne dai Allah ya ba shi. Watan jiya aka kawo fentin tankunan ruwan da za a kai ƙauyukan Takanamat. A faranti mai tsabta ya ci gwaji, da yashi kuwa ya ɓare kamar ɓawon albasa. Inda fenti ya ɓare tsatsa ke shiga, kuma ruwan sha ne. Malam ya ƙi sa hannu a rapor, takardar amincewa da fentin.

Ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba don ya rasu. Sau nawa na ce ya rubuta yawan yashin da inda yake ɗebo shi? Sai ya yi murmushi ya ce, "Hannu ya sani." To, an binne hannun.

Ranar sadakar uku ɗan kwangilar da ya kawo fentin ya same ni a ƙofar gidan Malam. Ya yi addu'a mai tsawo, mai kyau ƙwarai, sannan ya ce, "Madam, yanzu hannunki kaɗai ya rage."

Tun ranar nake barbaɗa yashi. Wani lokaci fentin ya ɓare, wani lokaci ya ƙi. Hujjar da ofis zai karɓa ba ni da ita, sai abin da na gani a hannun Malam. Ban sa hannu ba, ba kuma zan sa ba.

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba matarsa Inna Hadiza da 'ya'yansa haƙuri, ya tsare masu shan ruwan nan.