Don Eliodoro Zeledón da Ƙwallon da Bai Karɓa Ba

Haihuwarsa da Nasabarsa

An haifi Don Eliodoro Zeledón Mairena a shekara ta 1949 cikin garin Nandaime na ƙasar Nikaragwa, a gidan Don Casimiro Zeledón, mai injin matse rake da dafa mazarƙwaila, da maiɗakinsa Doña Petrona Mairena. Shi kaɗai ne namijin da ya rayu daga cikin 'ya'yansu, saboda haka mahaifiyarsa ta rene shi cikin fargaba, ba ya hawa bishiya, ba ya kusantar kogi. Wannan tarbiyya ta bi shi har kabari, domin duk wanda ya san shi ya shaida cewa mutum ne mai amana, amma kullum zuciyarsa a ɗar-ɗar take.

Karatunsa da Shigarsa Wasa

Ya yi karatun firamare a makarantar coci, ya bar ta a 1963 domin taimakon mahaifinsa a bakin murhu. A filin bayan injin ne aka gane cewa Allah ya hore masa hannun jifa, kuma a 1967 kulob ɗin besbol na garin, Jajayen Zakaru, ya ɗauke shi a matsayin mai jifa. Besbol wasa ne da mai jifa ke wurga ƙwallo, mai bugu na abokan hamayya ya yi ƙoƙarin dukanta da sanda, mai cafewa kuma yana tsugune a bayansa.

A ƙa'idar wannan wasa, idan mai jifa ya gaji, koci ne ke tattaki har tudun jifa ya buɗe tafin hannunsa, shi kuma ya aje masa ƙwallon ya fita, ba musu. Mai jifa ba ya neman a cire shi, abin kunya ne. A watan Maris na 1972 Eliodoro ya yi ta jifa gwiwar hannunsa tana zogi, yana satar kallon rumfar 'yan wasa, amma kocin bai taso ba, har jijiyar ta tsinke. Tun daga ranar hannunsa na dama bai ƙara miƙewa sosai ba, kuma bai ƙara yarda ya taka farin layin fili ba, sai dai ya tsallake shi, domin ya yi imani cewa taka shi da ya yi da safiyar ranar ne ya jawo masa masifar.

Aurensa da Iyalinsa

A 1980 ya auri Doña Auxiliadora Bermúdez, mai ɗinki, mace mai faɗar gaskiya ko ba a tambaye ta ba. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu, autansu Yader, wanda aka haifa a 1994. Da yaron ya fara jifan mangwaro ba ya kuskure, maƙwabta suka yi ta yi wa uban barka, shi kuwa gabansa ne ya faɗi. An ruwaito cewa a gaban matarsa ya yi alkawari da bakinsa: “Idan har yaron nan ya hau tudu, ni zan tsaya masa. Yana yamutsa fuska zan je in karɓi ƙwallon.”

Mallakar Kulob da Shekarun Ƙunci

A 1998 kulob ɗin ya rasa mai riƙe shi, Don Eliodoro ya karɓe shi, yana ciyar da shi daga ribar mazarƙwaila. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, da daɗi ba daɗi, har farin da aka yi a 2014 ya ƙone rake, injin ya yi shiru. Ya sallami koci ya zama shi ne kocin, ya sayar da motar ɗaukar 'yan wasa, suka koma zuwa wasa a bayan motar shanu. Sannan raunuka suka biyo baya kamar an yi musu baki: ɗan wasa ɗaya ya goce kafaɗa, ɗaya ya karya yatsa, wani ya tafi Kosta Rika aikin gini ba ko sallama. A farkon 2015 mai jifa lafiyayye ɗaya ya rage, shi ne Yader, wanda ya koma jifa Asabar da Lahadi ba hutu.

A wannan lokaci ne wani attajirin shinkafa, Don Fulgencio Lacayo, ya yi alkawarin ɗaukar nauyin kulob ɗin idan ya kai wasan ƙarshe na lardi. Don Eliodoro ya daina barci. Ya lura yaron ya koma ɗaukar kofin kofi da hagu, kuma yana ɓoye ƙanƙara cikin tsumma yana ɗora wa gwiwar hannunsa. Doña Auxiliadora ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, “Kai tsoho, ka gani ko ba ka gani ba? Zakarunka ba ni na haife su ba, wannan ne nawa.” Ya ce mata wasa ɗaya ne ya rage su kai wasan ƙarshe, ya saka hularsa ya fita.

Ranar Lahadin Afrilu, 2015

An buga wasan da rana tsaka, fili ya cika maƙil, masu sayar da dafaffen rogo da kabeji sun rasa wurin taka ƙafa, attajirin kuma yana zaune a inuwa. A zagaye na ƙarshe Zakaru suna gaba da ci ɗaya, saura mai bugu ɗaya a fitar su yi nasara, sai uban ya ga Yader ya girgiza yatsunsa a bayan cinya. Ya san wannan girgiza, da hannunsa ya taɓa yin ta. Ya tashi, ya tsallake farin layi, ya isa tudu, ya buɗe tafinsa.

Yader ya ɓoye ƙwallon a bayansa. “Haba Baba, mutum ɗaya fa. Wa za ka saka, mai rogo?”

“Hannun nan yana ciwo, Yader.”

“Lafiyarsa lau. Koma ka zauna, mutane na kallonmu.”

Jama'a suka kaure da ihu, wani daga sama ya ƙwala, “Don Eliodoro, bar yaro ya gama aikinsa, ba kowa ne matsoraci irinka ba!” Don Eliodoro ya dubi inuwar da attajirin yake, ya dubi ɗansa, tsoro biyu suka haɗu masa, ya rasa wanda ya fi girma. A hankali ya rufe tafin hannunsa ya juya. Waɗanda suke wurin sun tabbatar cewa a komowarsa ya taka farin layin bai ma sani ba.

A jifa na biyu ƙwallon ta tashi sama ta wuce mai cafewa, Yader ya durƙusa riƙe da gwiwar hannu. An ce uban ya ji ƙarar tsinkewar jijiyar tun daga rumfa. Zakaru suka sha kaye, attajirin ya tafi kafin a watse, kuma kafin ƙarshen shekara kulob ɗin ya rushe. An yi wa Yader tiyata a Managua, babban birnin ƙasar, amma hannun bai dawo ba.

Ƙarshen Rayuwarsa

Don Eliodoro ya sayar da injin domin biyan asibiti, ya koma zaman gida, bai ƙara leƙa fili ba, ko a rediyo ba ya sauraren wasa. Yader yana kawo masa abinci duk Lahadi, su zauna a baranda su yi maganar ruwan sama da tsadar wake. Shekara bakwai tsohon yana tsoron ranar da yaron zai buɗe baki ya tambaye shi dalilin da ya sa ya rufe hannunsa, har idan Yader ya yi gyaran murya sai ya miƙe ya ce zai duba kaji. Bai taɓa neman gafara ba, saboda tsoron amsar da za a ba shi.

Rasuwarsa da Jana'izarsa

Ya rasu a watan Nuwamba na 2022 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara saba'in da uku. Aka yi masa addu'a a cocin garin, tsofaffin Zakaru suka ɗauki akwatin zuwa maƙabarta. Kafin a rufe murfi Yader ya nemi a dakata. Ya ciro wata tsohuwar ƙwallo daga aljihu, wadda mai cafewa ya tsinto masa a ranar da hannunsa ya lalace, ya buɗe yatsun mahaifinsa ya aje ta a tafinsa, ya ce, “Ga ta, Baba. Ka zo ka nema, ni ne na hana ka. Kullum ina so in faɗa maka, sai in ji tsoro.”

Marigayin ya bar matarsa Doña Auxiliadora, da 'ya'ya huɗu: Marlene, malamar makaranta a Granada, Xiomara, wadda ta gaji keken ɗinkin mahaifiyarta, Norlan, direban babbar mota, da Yader, wanda har yau da hagu yake gaisawa.