Kaset Mai Baƙin Zare a Gidan Hajiya Rabi

Akwai wata ranar Laraba da har yau ba ta bar raina ba, a cikin damina, zamanin da nake kai kaset ɗin bidiyo gidaje. Ku da kuka tarar da sana'ar nan bayan ta koma faifai, bari in fara gaya muku yadda muke yi.

Alhaji Sani ne mai shagon, a Abakpa. Maza kan zo da ƙafarsu su zaɓi abin da suke so. Matan aure kuwa ba kasafai suke fitowa ba, shi ya sa ya ɗauke ni aiki, don ni dattijuwa ce, kuma dama na yi dillancin atamfa, ba gidan da ake tsayar da ni a ƙofa. Da safe in jera kaset a daro, in rufe da leda saboda ruwa, in bi Malali da Unguwar Sarki, in ba da na yau in karɓo na jiya.

Ban yi boko ba, rubutun jikin kwali ba ya gaya mini komai. Saboda haka duk sabon fim sai na zauna a bayan shago da rana na kalle shi daga farko har ƙarshe, sannan in ɗaura masa zare. Na Indiya mai waƙa, kore. Na 'yan Cana masu faɗa, ja. Na ban tsoro, baƙi. Turancinsu ba na ji, amma tsoro ba ya neman tafinta. Alhaji ya sha yi mini dariya, wai tsohuwa da carbi a hannu tana kallon dodo. Na ce masa abin da ban gani da idona ba, ba zan shigar da shi gidan mutane ba.

Mai baƙin zare yana da doka, kuma ni na kafa ta, ba Alhaji ba. Ba ya shiga gidan mara lafiya, ba ya shiga gidan da yara suka fi ƙarfin uwarsu, ba ya shiga gidan mai ciki. Mun tashi muna jin cewa mai ciki in ta ƙura wa mummunan abu ido, ɗan yakan ɗauko kama. Ko mutum bai yarda da wannan ba, ai ya san firgita kaɗai ta isa ta taɓa ciki. Don haka kafin in miƙa sai na tambaya, kuma ba na tsayawa kan amsa. Nakan dubi igiyar shanya, in dubi takalman bakin ƙofa.

Hajiya Rabi, matar wani darakta ce a ma'aikatar gwamnati, gidansu a Malali. Yaranta duk sun girma sun watse, ita kuma ba abin da take so kamar fim ɗin tsoro. Ta rufe fuska da mayafi tana leƙe, in an gama ta ce a kawo wanda ya fi shi. Ranar Talata na kai mata wani sabo, labarin wasu manoma da wata halitta ke zaune a saman silin ɗinsu, fuskarta kamar kyandir da ya narke. Na ce mata, "Hajiya, wannan ni kaina sai da na tsayar na sha ruwa. Ki kalla da rana, ki bar ƙofa a buɗe." Na duba gidan, daga ita sai maigidan sai maigadi.

Washegari ina Unguwar Sarki, wajen azahar, wata mai karɓar kaset ta ce, "Iya Talatu, ashe 'yar Hajiya Rabi ta zo goyon ciki? Jiya da yamma aka kawo ta daga Jos. Mijin bai samu hutu da wuri ba, har cikin ya shiga watansa."

Hadiza ke nan, 'yar farin Hajiya, kuma cikin fari. Na bar darona a gidan matar, abin da ban taɓa yi ba, na tare acaɓa. Ni da nake zagin matan da ke hawa babur, ranar na hau, har ina ce wa mai babur ɗin ya ƙara wuta.

Na tarar da ƙofar gidan a buɗe, ba mota. Maigadi, wani tsoho Malam Tanko, ya ce, "Iya, kin makara. Suna kallo a falo yarinyar ta dinga ƙara, har nan nake jiyowa. An tafi da ita asibiti."

Na leƙa falo. Talabijin na ta shuu, ga kwalin kaset a kan kujera da baƙin zarena a jiki. Ban tuna aikina ba, ban tuna gidajen da za a rufe mini ba. Yarinyar da na sayar wa uwarta zanen goyonta, ita nake gani.

A asibiti na samu Hajiya a kan benci gaban ɗakin haihuwa, mayafi a karkace. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, "Iya Talatu, kaset ɗin nan. Na ɓoye shi a ƙarƙashin gado, yarinyar nan ta zaƙulo. Na ce a'a, ta nace, ta ce ita sai shi. In wani abu ya same ta, me zan ce wa dangin mijinta?"

Na zauna kusa da ita. Da yake ba ni da abin yi, sai na shiga tambaya, don halina ne. Na ce, "Daidai ina ta fara ƙara?"

"Tun ana rubutun farko."

"Ta biyun fa?"

"Inda mutumin ke shan shayi da matarsa."

Na shiga lissafi. Fim ɗin nan na san shi ciki da waje. Sai an kusa rabi halittar ke leƙowa. Wurin shayin nan ba komai sai kaji a tsakar gida. Na ce, "Hajiya, ta ga fuskar abin kuwa?"

"Ina ta gani? Ba a kai nan ba na ga zanenta ya jiƙe."

Nan na fara zargin ba fim ɗin ne ya tayar mata da naƙuda ba.

Bayan la'asar nas ta fito, Sista Saratu, mutuniyar Kafanchan, ita ma mai karɓar koren zare ce a wurina. Ta ce, "Hajiya, barka, an samu namiji, uwa da ɗa lafiya. Amma 'yarki akwai taurin kai. Naƙudar nan tun asuba take tare da ita." Hajiya ta dafa bango tana hamdala. Ni kuwa da aka bari muka shiga, sai da na buɗe zanen jaririn na dube shi tun daga goshi har tafin ƙafa. Hancin kakansa ne sak, ba alamar kyandir. Sista ta ce, "Iya, kin gama bincike, ko in kawo miki fitila?"

Da Hajiya ta fita aika saƙo ga maigidan, na matsa kusa da Hadiza. Na ce, "Ke, gaya mini gaskiya."

Ta kawar da kai ta ce, "Iya, ta yaya zan yi nishi a gaban Hajiya? Jiya-jiya na zo. Na cije na cije, na ga ba zan iya ba. Na ce a raina in an sa wannan fim, ko na yi ƙara za a ce dodo ne."

Na ce, "Kunyar taki ta kusa sa ki haihu a kan kujerar falo, ni kuma ta sa ni hawa babur da tsufana."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Sannan ta ce, "To Iya, a ƙarshe sun kashe abin?"

"Sai kin yi arba'in," na ce.

Dokata ban sauya ba, sai ma ƙari da na yi mata. Daga ranar ba wanda ke gida kaɗai nake tambaya ba, har wanda ake sa ran zuwansa. Amma abin da na fi riƙewa shi ne, ba duk mai neman baƙin zare ne ke son tsoro ba. Wata mijinta ne ya yi tafiya, wata rasuwa aka yi mata ta hana kanta kuka, wata kuma ciwo take ɓoyewa. In mace ta nace sai wanda ya fi kowanne muni, ku ajiye kaset ɗin tukuna, ku dubi fuskarta, ku tambaye ta yadda ta kwana.

Ranar da Hadiza ta cika arba'in, da hannuna na kai mata shi, muka kalla tare da rana, ƙofa a buɗe. Har aka gama ko gezau ba ta yi ba. Hajiya ce ta yi ta ƙara a bayan mayafi.