Tukunyar da Inna Marka ta ajiye wa ɗanta

Wata rana, lokacin da nake jinyar mahaifiyata a asibiti, aka kawo wata tsohuwa aka kwantar a gadon da ke kusa da namu.

Duk wadda ta taɓa zaman jinya ta san yadda abin yake. Kafin ki ankara kin san sunan kowa da cutar kowa, har da surukar da ta ƙi zuwa dubiya. Ni kuwa da ma Allah bai yi ni da kame baki ba.

Sunan tsohuwar Marka. Bamagujiya ce daga wani ƙauye, kuma ba ta ɓoye hakan ba. Amma da ta ga mun shimfiɗa sallaya sai ta sa a kawar da kwanukansu, kada su tare mana gaba.

'Yarta Kyauta ce ke jinyarta.

A bayan ɗakin akwai gindin darbejiya inda masu jinya ke kafa murhu. A nan na lura tukwane biyu gare su. Ɗaya ta yi baƙi ƙirin, a ciki suke dafa nasu. Ɗayar kullum a naɗe take cikin zane, da muciyarta daban, ludayinta daban, kwanonta daban. Kyauta ba ta taɓa ta sai ta wanke hannu.

Kun san ni, sai da na tambaya.

Ta ce tukunyar yayanta ce. A gidajensu, in ji ta, akan ware tukunya saboda baƙo Musulmi. Ba a dafa giya a cikinta, naman da aka yanka wa tsafi ba ya shiga. Tun ranar da yayanta ya musulunta yana saurayi, uwar ta je kasuwa ta sayo wannan ta ajiye masa.

Yanzu furfura ta fara fito masa, kuma ko loma ɗaya bai taɓa ci daga cikinta ba. Ya ce zuciyarsa ba ta natsu da abincin gidan ba.

Sunansa na haihuwa Nomau. A gari Malam Sa'adu ake kiransa, tela ne, yana kuma koyar da yara karatu. Uwar dai Nomau ta sani.

Kada ku ɗauka mugu ne. Kullum yana zuwa bayan azahar, shi ke sayen magani, shi ke bin likitoci. Sai dai ba ya zama a bakin gadonta. A tsaye yake gaishe ta, a tsaye yake yi mata wa'azi, a tsaye yake sallama.

Kullum kuma sai Kyauta ta tuƙa masa tuwo a tukunyar nan. Kullum sai ya ce a ƙoshe yake. Mu maƙwabtan gado mu ke cinyewa, har mahaifiyata ta fara tsokanar tsohuwar, wai ita ce ɗan nata yanzu.

Ni tausayinsa nake ji, wallahi. Mutumin da ya yi imani akwai wutar da ba ta ƙarewa, ga uwarsa tana ramewa a gabansa. Wa zai iya barci da wannan a ransa?

Ranar da likita ya ce a sanar da dangi, Malam Sa'adu ya shigo idanunsa jawur. Ya durƙusa a gaban gadon, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Ya ce, "Inna, don girman Allah. Kalma ce 'yar gajeruwa. Ki faɗa, ki tsira."

Muryarta ta yi ƙasa sosai, amma hankalinta garau. Ta ce, "Nomau, Allahn nan mu ma mun san shi. Shi ya yi sama, shi ke ba da ruwa. Iyayenmu dai sun ce ya yi mana nisa, shi ya sa muke bi ta wajen iskoki."

"Bai yi nisa ba, Inna. Kuma ba ya yarda a haɗa shi da kowa."

"Shi ne ya ƙaddara a haife ni a gidan Maguzawa?"

"Shi ne."

"Ya san a haka zan tsufa?"

"Ya sani tun kafin a yi duniya."

"To in shi ya rubuta, fushin me kake yi da ni shekara da shekaru?"

"Ya sani, Inna, amma bai tilasta ki ba. Ya ba ki zaɓi."

Ta mai da numfashi. Sannan ta ce, "In zaɓin nawa ne, bari in yi tambaya. Ubanka ya mutu yana yi wa tsafin gida yanka. Shi ya sayar da akuyarsa ya kai ka koyon ɗinki. Can inda kake so in je har abada, zan same shi?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Allah ne masani."

"Ka gani. Kai da ka yi karatun ma ba ka sani ba. Ni ban san har abada ba, ɗana, yau na sani. Yau Kyauta ta yi maka tuwo. Mahaucin bakin ƙofa ne ya yanka kazar, Musulmi ne, da bisimillarsa. Zauna ka ci ina kallo, sai mu yi maganar."

Duk ɗakin aka zuba musu ido. Har mai tarin da ke can ƙurya ta daina.

Ya dubi tukunyar da ke ajiye a gefen gadon. Na ga hannunsa ya motsa. Amma ina jin a ransa ya ga abin da take so ke nan a duniya, in ya riƙe shi ƙila ta ba da kai.

Ya ce, "Ki fara faɗa, sai in ci."

Ta ce, "Ci tukuna."

Ya ce, "Ki faɗa tukuna, Inna."

Sai aka kira la'asar.

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya ce za su ƙarasa in ya dawo daga masallaci. Ta bi shi da ido har ya fita.

Bai daɗe da fita ba numfashinta ya canza. Kyauta ta ruga kiran ma'aikaciyar jinya, ni kuma na matsa na riƙe hannun tsohuwar. Na ga leɓenta na motsi, na kai kunnena.

Kafin su iso ta cika.

Da Malam Sa'adu ya dawo, an riga an ja mata zane har kanta. Bai nufi ƙanwarsa ba, ni ya nufo, don an ce masa ni ke riƙe da ita.

Ya ce, "Baiwar Allah, ke Musulma ce, ba za ki yi mini ƙarya ba. Ta yi magana?"

Na ce ta yi.

"Ta faɗa?"

Jama'a, ban taɓa jin sha'awar yin ƙarya irin ta ranar nan ba. Kalma ɗaya daga bakina, da mutumin nan ya samu abin da zai jingina da shi har ya mutu. Amma ba a kan irin wannan ake ƙarya ba.

Na ce, "Malam, tambayata ta yi. Ta ce, 'Ya ci?'"



Sai ya zame ya zauna a ƙasa, a kan simintin nan da ake takawa da takalmi. Ya jawo tukunyar ya kwance zanen da kansa. Tuwon ya huce, miyar ta daskare. Ya yi bisimilla ya sa hannu.

Yana ci hawaye na zuba a cikin kwanon. Kyauta ta ce ya bari ta ɗumama masa, ya girgiza kai. Ya cinye tas, har da ƙanzon.

Kowa a ɗakin ya ga yana ci, ban da wadda aka yi abin dominta.

Na yi kuka a ranar kamar tawa uwar ce ta rasu. Har yau in na ga sabuwar tukunya a kasuwa sai zuciyata ta karye.

Daga baya na tambayi malaminmu na Islamiyya. Ya ce babu abin da ya haramta masa tuwon nan, kuma kyautata wa iyaye wajibi ne ko da ba addininku ɗaya ba. Ya ce kira naka ne, shiriya ta Allah ce, ba ka da ikon sa ta a zuciyar kowa.

Da ya zauna ya ci, da za ta faɗa? Ban sani ba. Shi ma bai sani ba, kuma da wannan zai kwana har ƙarshen ransa.

Ina Inna Marka take yanzu? Kada ku tambaye ni, kada kuma ku cika mini wajen sharhi da fatawa. Wanda ya halicce ta ya fi ni da ku sanin abin da ke zuciyarta lokacin da na riƙe hannunta.

Darasi: Ka kira iyayenka zuwa ga abin da ka yarda shi ne gaskiya, ka yi musu addu'a, amma kada ka mai da ƙaunarka abin ciniki. Makomarsu a hannun Allah take. Zaman da za ka yi kusa da su, da lomar da za ka ci suna kallo, wannan a hannunka yake, kuma ba kullum za a ajiye maka ba.

Tura wannan ga wanda ka san har yanzu akwai mai dafa masa abinci tana jiran ya zo.