Direba a Kan Sikelin Buhu

Shekara ashirin da uku Direba ya yi yana jigilar ma'aikatan wata masana'antar robobi a doguwar bas, bai taɓa goge wa motar kowa fenti ba. Sai dai zaman kujera ya ajiye masa tumbi, har yana gogar sitiyari. Ana saura kwana biyu a tafi hutun ƙarshen shekara, likitan kamfani ya auna sukarinsa, ya miƙa masa ƙwayoyi.

"Ka dawo bayan hutu. In nauyin nan ya ƙaru, ko sukarin bai sauka ba, ba zan sa hannu a takardar tuƙinka ba."

Bai gaya wa kowa ba. Ga shi kuma a gidansa dangi suke taruwa, don shi ne mai faɗin tsakar gida. Yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta iso da manyan kuloli. A wurinta, wanda ya rage abinci a faranti ko dai ba shi da lafiya, ko yana fushi da ita.

Kullum da safe sai ya sulale zuwa shagon mai hatsi a bakin layi, ya cire takalmi, ya hau sikelin buhu.

"Wannan buhun namu dai ya ƙi ragewa," in ji mai hatsi. "Ko in kira 'yan dako?"

Direba ya yi yaƙe. Sai ya yi wa kansa dabara irin ta masu mota: tanki ai sau ɗaya ake cika shi, a yi ta tafiya. Ya daina karyawa, ya daina cin na rana. Da an fara zuba abinci sai ya ce zai je duba taya. Ƙwayar kuwa yana haɗiye ta da ruwa zalla. Da yamma ya zauna ya cika tankin, kaza da shinkafa da lemon kwalba, Yaya na ƙara masa.

A rana ta biyar ya ɗauki Yaya zuwa kasuwa a motar surukinsa. Suna dab da shataletale gumi ya karyo masa, hannunsa ya kama rawa, fitilar hanya ta zama biyu. Da ƙyar ya gangara gefe ya kashe mota.

"Kai! Lafiya? Dube ni nan!"

Ta tuna bai karya ba, sai ta laluba jaka ta tura masa alewa a baki. Da idonsa ya washe, ya gaya mata komai, kansa a sunkuye.

"Wato ni ce zan raba ka da aikinka ban sani ba? Da furfurarka kake yi mini ɓoyo kamar wanda ya fasa kofi?"

Tun daga ranar ta fi likita tsanani. Ta nemo ƙaramin farantin jikokinsa, a ciki yake ci sau uku, rabinsa ganye. Lemo ya koma ɗakinta. Bayan kowane ci ta tasa shi gaba su zagaya layi, tana ɗingisa ƙafa tana mita. Ƙannensa suna ta tsiya: "Yaya, an yaye shi ne?"

Ran komawa aiki ya hau sikelin asibiti, ya riƙe numfashi kamar hakan zai taimaka. Rabin kilo ya ragu. Sukarin ya sauka, amma ba can ba. Likita ya daɗe yana juya biro kafin ya sa hannu.

"Na wata uku ne kawai. Mu sake gani."

Direba ya hau bas, ya gyara madubi. Yaya ta riga ta koma gidanta, amma a jakarsa, kusa da takardar, akwai ƙaramin farantin nan. Ya tada mota yana ƙirga makonni.