Dokin Yayana a Sukuwar Ingal

Ana idar da sallar asuba muka bar Agadas, ni da yayana, dokinsa ɗaure a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Babanmu ya riga ya yanke hukunci: ciyawa ta yi tsada, in dokin bai zo na ɗaya a sukuwar Ingal ba, a sayar da shi can. Ni aikina riƙe waya in auna gudu, tunda yayana in doki ya zabura hankalinsa ma zabura yake.

Hanya ba daɗi. Direba ya ce tsadar esansi, wato man mota, ta sa ya ƙara kuɗi, ban yarda ba, amma na shiga. Dabinon Ingal kam ba ƙarya, da shi da cuku na wuni.

Ga tsarinsu. Jajibirin sukuwa kowane doki zai yi gudu shi kaɗai, a auna lokacinsa. Wanda ya nuna rauni, gobe a tsayar da shi gaba da 'yan taku, mai ƙarfi ya tashi daga baya. Ina kallo na ga mahaya suna jan linzami a ɓoye, dawakai lafiyayyu suna tafiya kamar masu azumi. Na ce wa yayana ya sassauta. Ina! 'Yan mata na guɗa, ya saki doki gaba ɗaya, ya sauko yana washe baki.

Washegari mu ne can ƙarshen baya. Wani dattijo ke auna tazarar da ƙafarsa. Da ya zo kan dokin surukinsa, na ga takunsa ya buɗe kamar mai tsallake kwata.

Na ce, "Baba, a kawo igiya a auna."

Ya ce, "Ɗiyata, tun ba a haife ki ba ƙafar nan ke aiki."

"Shi ya sa ta san 'yan gida."

Mutane suka yi dariya, aka kawo igiyar rijiya, aka ja dokin surukin baya. Bai hana komai ba, cutar tun jiya aka gama ta. Namu ya zo na uku, yana ta cim musu fili ya ƙare.

Kafin la'asar surukin nan ya zo ya taya dokinmu, ko ciniki bai ja ba ya saye shi. Shi ma ya ga gudun jiya.

Mun dawo Agadas, bayan kamiyo wayam. Abin da na koyo: a wurin da kowa ke ɓoye ƙarfinsa, wanda ya nuna nasa duka tallar dokinsa ya yi.