Da Allon Likita Zuwa Jaddaf

Unguwar Karama, Talata

Ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, na sauko daga bene da allo a kafaɗa. Allon nan shi ne ke bayan jirgin ruwa, rabinsa cikin ruwa, da shi ake juya akalar jirgin. Na Likita Bashir ne, ɗan unguwarmu a Kano, wanda ke da ɗan jirgin shaƙatawa mai tafiya da iska.

Bari in faɗi laifina tun yanzu. Ni kafinta ne, akwatunan kago na aika kaya nake haɗawa a unguwar Deira, nan ƙasar Larabawa. Da Likita ya nuna mini tsaga a jikin allon, sai na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai wasa ne." Na yi masa abin da muke yi wa ƙofa a gida: na kwaɓa garin katako da gam na cusa, na goge, na shafa fenti. Ban busar da shi ba, ban ma san ya sha ruwa ba. Mako biyu fenti ya yi bororo. Ga shi ranar Asabar zai fita teku da 'ya'yansa mata biyu. Na karɓo allon, na ce masa fenti zan ƙara. Ƙarya ta biyu ke nan.

Hanya

Isuhu, mutumin Maraɗi, ya ɗauke ni a a-kori-kurarsa. Muka sha shayin karak, mai kauri da madara, a tsaye, dirhami ɗaiɗai.

"Bakano da aikin jirgi?" in ji shi. "Wane kogi gare ku, Jakara?"

"Ja mota, malam."

Minti ashirin muka isa, tafiyar ba ta kai kilomita goma ba.

Jaddaf

Nan ake ƙera jiragen katako. Mai gadi ya duba katina, ya nuna mini rumfar Baba Audu, dattijo mutumin Yawuri da ya daɗe a wannan aiki. Ya ƙwanƙwasa allon da ƙotar guduma. Sama ya ce ƙwas, ƙasa ya ce bus. Ya soka kurfi, sai ga baƙin ruwa yana tsatsafowa, katakon na fita kamar dafaffen rogo.

"Wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"To, fentin dai ya yi kyau." Ya yi dariya, sannan ya ɗaure fuska. "Igiyar ruwa ɗaya mai ƙarfi, ya karye. Wa zai hau jirgin?"

Na gaya masa. Ya miƙo mini kurfin. Awa uku ina sassaƙe ruɓa har na kai ga lafiyayyen katako. Ya ce sai ya yi kwana goma a inuwa ya bushe, sannan a yanka sabon katako a dasa, a ɗaure da gam na jirgi, a rufe da mai hawa-hawa.

"Baba, Asabar fa?"

"Kira shi."

Na kira Likita, na zayyana masa komai. Sai ya ce:

"Sani, da ka ce ba ka iya ba, da na rage ka da wani abu?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Yaran za su yi fushi, kai za ka zo ka ba su haƙuri. Ba Baba wayar."

Suka yi ta hira, har na ji suna dariya. Baba ya raba shinkafarsa da kifi biyu, ya ce ranar hutuna in dawo, da hannuna zan ƙarasa aikin.

Komawa

Na hau jirgin ƙasa ƙarfe biyu, kafin la'asar ina ɗaki, tafin hannu duk kanta. Na gode wa Allah da ya tona ni a tudu, yaran nan suna gida lafiya. Na gode wa Baba Audu. Isuhu kuwa ya riga ya baza labari, duk benenmu yanzu Sarkin Ruwa ake kirana, kuma ina amsawa.