Yadda Aka Ɗauki Maigidana Aiki a Xintang, Aka Kuma Sallame Shi

Mun tashi da asuba daga ɗakuna biyun da muke haya a Kurna, ni da maigidana, yara kuwa tun jiya mun kai su gidan yayata. Masu tambayata me ya kai ni China alhali ko Legas ban taɓa zuwa ba, ga amsarku. Wata goma ke nan da bankin da maigidan ya yi wa aiki shekara goma sha tara ya rage ma'aikata, har da shi. Ya rubuta takardun neman aiki har yatsunsa suka gaji, babu wanda ya ko kira shi. Daga ƙarshe muka sayar da gidanmu na Rijiyar Zaki, muka ce za mu saro wandunan jins mu kama kasuwanci. Kuɗin gidan nan su ne duk abin da ya rage mana a duniya. Shi ya sa na ce ƙafata ƙafarsa, domin mutumin da ko tumatir ya sayo sai an cuce shi, ba zan bar shi da 'yan China shi kaɗai ba.

Mun yada zango a Addis Ababa. Jirgin cike yake da 'yan Kantin Kwari, kowa da jallabiya da silifas, sai maigidana kaɗai ya tsuke cikin kwat kamar za shi taron hukuma. A Guangzhou ƙanena ya tarye mu, wanda ya shekara goma a can yana yi wa 'yan kasuwarmu lodin kaya, har furfura ta fara fito masa. Tun daga bakin ƙofa ya fara tsokanar mijin yayarsa da "Yallaɓai Manaja".

Garin zafi ne da shi mai danshi, ka yi wanka ka fito kamar ba ka goge jiki ba. Gada a kan gada. Baburansu na lantarki ne, ba sa ƙara, sau biyu suna neman kwashe mini ƙafa ban ji zuwansu ba. Ko ruwa za ka saya da waya ake biya. Abinci kuwa a gidajen Musulmin ƙasar muka riƙa ci, taliyar da ake ja da hannu a gabanka, a miƙo maka tsinke biyu wai ka ci da su. Kwana biyu ina fama, sai da ƙanena ya kai mu hawa na tara na wani bene wajen wata 'yar Maraɗi mai tuwo da miyar kuka sannan hankalina ya dawo jikina.

Kwana uku muka yi a kasuwar Shahe ba mu sayi ko allura ba. Kowane shago muka shiga sai maigidana ya nemi a nuna masa takardun kamfani. Masu shagon su dube shi su ce "meiyou", wato babu, su juya ga wani. Ni na san tsoro ne, ba ƙa'ida ba. Ƙanena ya ce mu tafi Xintang, garin da ake ɗinka wandunan, ko a can zuciyarsa za ta kwanta.

Tafiyar kamar awa guda ce a mota. Garin warin rini yake, ko'ina ƙyallayen shuɗi. Ƙanena ya sauke mu a bakin wani layi ya tafi neman inda zai ajiye mota. Layin cike da mutane a jere, kowa riƙe da wando ɗaya da kwali mai rubutu. Muka ce ga 'yan talla. Maigidana ya karɓi wandon wani ɗan gajeren mutum, ya juya cikinsa waje, ya bi ɗinkin da babban yatsa tun daga ƙugu har ƙafa. Mutumin ya washe baki, ya danna lamba a waya ya nuna mana. Arahar ta sa na matse hannun maigidan don kada ya nuna murna. Mutumin ya yafito mu, muka bi shi har hawa na uku.

Ina tsammanin ganin tarin kaya, sai ga kekunan ɗinki a jere suna ruri. Mutumin ya ja kujera a gaban wani keke da ba kowa, ya tura wa maigidana yankakken yadi, ya nuna masa ya zauna. Na jira in ji ya ce shi fa manaja ne. Sai ya cire kwat ya miƙo mini, ya zauna.

Mahaifinsa tela ne a Fagge, kuma a kan keke ya tashi, har mahaifiyarsa, Hajiya, ta rantse ɗanta ba zai ƙare a ɗinki ba. Tun da na aure shi ko maɓalli bai taɓa ɗaura wa rigarsa ba. Da ya taka keken, ya zabura da shi, yadin ya yi gefe. Ya warware, ya sake. A karo na uku na ga kafaɗarsa ta sauko, hannunsa ya tuna abin da ya sani. Kafin ya gama ɗaya, matar da ke kusa da shi ta gama shida. Mai wurin ya duba ɗinkin, ya ɗaga babban yatsa, sannan ya nuna agogo ya girgiza kai.

A haka ƙanena ya same mu yana haki. Suka yi yarensu da mai wurin, sai ya zube a kan tarin wanduna yana dariya har da hawaye. Ashe mutanen layin nan masu masana'anta ne suke neman teloli, kuma duk wanda ya juya wando yana duba ɗinki, aiki yake nema. Lambar da aka nuna mana ladan ɗinka guda ɗaya ce.

"Yaya, aiki aka ɗauki Manaja," in ji shi. "Yanzu kuma an sallame shi. Wai ɗinkin ya yi kyau, amma babu sauri."

Maigidana ya ce, "To, ai wannan ya gwada ni kafin ya kore ni."

Ya yi dariyar da rabona da jin irinta tun kafin mu bar gidanmu. Ni kuwa na juya baya na share ido da gefen mayafi.

A hanyar komawa ya ce ba wando za mu saya ba, kekuna uku da yadi. Na ce, "Abban yara, kuɗin gidanmu ne fa." Ya ce ya sani, amma sayar da wando bai iya ba, ɗinka shi ya iya. A kasuwar kekuna na ga maigidana ya zama wani mutum dabam, yana sauraron ƙarar kowane keke yana cewa wannan ya sha aiki, bai nemi takardar kowa ba. Abu ɗaya ya rage yana damunsa, yadda zai dubi Hajiya.

Mun dawo Kano lafiya. Abin da na koya shi ne, wata goma muka yi muna neman wanda zai ce yana son maigidana, ba mu taɓa tambayar abin da hannunsa ya iya ba.

Makon jiya kekunan suka iso, kuma ba mu da wurin ajiye su sai soron Hajiya a Fagge. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa yana ɗinki har gumi ya karyo masa. Can ta shige ciki, ta dawo da tsohon almakashin mahaifinsa a naɗe cikin tsumma, ta ajiye masa a kan keken.

"Ungo," ta ce. "Amma ubanka ya fi ka sauri."